Baba da Ragowar Saƙar Umma

Mahaifina direban bas ne, ko kuwa in ce ya taɓa zama, don yanzu ciwon gwiwa ya sauke shi daga kujera. Duk shekarun aikinsa hanya ɗaya ya bi, daga babbar tasha zuwa unguwannin da ke bayan asibiti, ya je ya dawo, har fasinjoji suka san tarinsa kafin su ga fuskarsa. Ba-Gaggawa suke ce masa. In kana sauri ka leƙa ka ga shi ne riƙe da sitiyari, gara ka jira motar baya. Zai hango tsohuwa tana tahowa da kaya tun daga nesa, ya taka burki ya jira ta, mutane na ta tsaki a bayansa, shi kuwa ko a jikinsa. Ni ban san inda na samo zafin raina ba, amma dai ba wurinsa ba ne. Ina 'yar makaranta, in na shiga motarsa, ina cikin masu tsakin.

Abu ɗaya na san yana sa Baba sauri a duniya, shi ne gudun lissafi. Da mun baje littattafan aikin gida a kan tebur, ni da ƙanwata Auta, sai ya tuna akwai wata tayar da bai duba ba. Umma ce ke zama da mu. Tana saƙa, idonta na kan zare, za ta ce, biyu, huɗu, shida, sai me? Ko mun yi kuka ba za ta faɗa mana amsa ba. Iyakarta ta ce mu dubi abin da ke tsakanin wannan lamba da waccan. Baba kan leƙo daga bakin ƙofa ya ce shi lambar motarsa kaɗai ya haddace, ita ma don 'yan sanda ne.

Umma da kwarashi, 'yar ƙugiyar nan ta saƙa, ba sa rabuwa. Babu abin da ya tsira a gidanmu. Rediyo na da riga, butar shayi na da hula, har sitiyarin bas ɗin Baba sai da ta saƙa masa sutura, kuma ya yi shekaru yana tuƙi da ita, sauran direbobi na yi masa dariya. Ni ta yi ƙoƙarin koya mini, ban yi nisa ba na yi jifa da kwarashin. Na girma na kama aiki a shagon buga takardu, inda inji ke yin komai cikin ƙiftawar ido, kuma hakan ya fi dacewa da halina.

Aure ya kai Auta wani gari mai nisa. Ciki biyu ta yi, duk suka zube. Da na ukun ya samu, likita ya kwantar da ita, ya ce ko tsintsiya kada ta ɗauka, balle doguwar tafiya. Sai muka ga Umma ta sayo farin ulu ta fara wani abu mai zagaye. Muka tambaya, ta ce abin shimfiɗa wa tebur ne. Dukanmu mun san shawul ɗin jariri ne, dukanmu kuma muka yi kamar ba mu sani ba, don tsoro ya hana kowa kiran abin da sunansa.

Umma ba ta daɗe a kwance ba. Ta ce kanta na ciwo, hannunta na dama ya yi nauyi, muka kai ta asibiti, ba ta dawo gida ba. Allah ya jiƙanta. Auta ba ta samu zuwa ba, a waya ta yi kukanta, mijinta na riƙe mata wayar. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar yadda na ji nata ba: uwarta ta tafi, ita kuma an hana ta ko tashi zaune da ƙarfi. Da muryarta ta ɗan dawo, abu ɗaya ta tambaya. Ashe ita Umma ta faɗa mata gaskiya, ta ce mata tana yi wa abin da ke cikinta shawul, kuma ya kusa ƙarewa.

"Yaya, ku aiko mini da shi," ta ce. "Ban samu ganinta ba. Ko shi kaɗai ne in riƙe."

Muka same shi a cikin jakar da ke rataye a bayan kujerarta, kwarashin na soke a inda ta tsaya. Tsakiyarsa fari ne, sai kore, sai rawaya daga baki. Bai kusa ƙarewa ba ko kaɗan, faɗinsa bai wuce na babban faranti ba. Kuma bai kwanta ba. Daga tsakiya yana shimfiɗe lafiya lau, amma bakin ya ɗago ya lanƙwaso ciki kamar kwano.

Na kira maƙwabciyarmu, Maman 'Yan Biyu, ƙawar Umma ce kuma ita ma tana saƙa hulunan yara da safa. Ta ɗora shi a gwiwa, ta ja nan ta ja can, ta ce aikin ya ɓaci daga wajen rawayan. Magani ɗaya ne, a warware har zuwa inda yake kwance, a sake hawa. Tana faɗa ta zare kwarashin ta kama bakin zaren.

"Ajiye," in ji Baba.

Tun da nake ban taɓa jin ya yi wa baƙo magana a gajarce haka ba. Ta ajiye. Ya ɗauka ya mayar da kwarashin inda yake, ya ba ta haƙuri, sannan ya ce shi zai ƙarasa, in za ta taimaka ta koya masa. Ni na yi tsaki a fili. Mutumin da yatsunsa suka saba da sifana da baƙin mai, wanda ko maɓallin rigarsa bai taɓa ɗinkawa ba, shi zai saƙa shawul? Na ce masa haihuwa fa ba ta jiran fasinja. Ya ce ya ji.

Haka aka buɗe makaranta a barandarmu. Kullum da hantsi Maman 'Yan Biyu za ta zo da guntayen ulu, ta zaunar da shi. Da farko sai ya riƙe kwarashin kamar zai kwance noti, ta buge masa hannu. Ya saƙa sarƙa mai tsawo har ta isa a shanya kaya a kanta, ta ce to yanzu ya iya miƙaƙƙiyar hanya, saura kwana. Ta nuna masa yadda ake soka ƙugiya a ɗauko zare a fitar da ɗauri ɗaya, wanda su masu saƙa suke ce wa ido, da yadda ake yin ido biyu a rami ɗaya in ana son ƙari. Zaren ya sha baƙin hannunsa, ya warware, ya sake, ya warware. Bai taɓa gajiya ba, ni mai kallo ce nake gajiya.

Da hannunsa ya ɗan faɗa, sai aka zo inda malamar ta ƙare. Abu mai zagaye, kowane sabon zagaye ya fi na cikinsa faɗi, don haka dole a ƙara ido. Ya tambaye ta nawa ake ƙarawa. Ta ce ita ba ta taɓa ƙirgawa ba, idonta ne ma'auninta, kuma ba ta taɓa yin babba irin wannan ba. Ta ce ya ƙara kawai inda ya ga saƙar na nema.

"Mota ina jin sa'ad da take neman giya," ya ce. "Wannan kuwa bai fara yi mini magana ba tukuna."

Wata rana na taso daga aiki da la'asar na same shi zaune a kan simintin baranda, gwiwar da ke ciwo a miƙe, tabarau a kan hanci, shawul a cinya, guntun alli a hannu. Ya yanke shawarar tunda ba wanda zai faɗa masa yadda Umma take yi, zai ƙirga abin da ta riga ta yi. Ya fara daga cibiyar. Zagayen farko ido goma sha biyu. Na biyu ashirin da huɗu. Na uku talatin da shida. Duk ya rubuta su a ƙasa, da irin manyan lambobin nan nasa masu karkata.

Na tsaya a kansa da jakata a kafaɗa, na ce na huɗun arba'in da takwas ne. Ya ɗago ya dube ni, ya sunkuya ya bi ido ɗaya-ɗaya da farcen babban yatsa. Arba'in da takwas. Ya cire tabarau.

"Uwata, kin ƙirga shi a ɓoye ne?"

Na ce a'a, ya dubi tsakani mana. Daga sha biyu zuwa ashirin da huɗu, nawa aka ƙara? Daga nan zuwa talatin da shida fa? Ya yi ta motsa baki yana lanƙwasa yatsu, can sai fuskarsa ta washe. Sha biyu, sha biyu, sha biyu. Ya ce in tsaya, kada in faɗa masa na biyar. Ya rubuta sittin a ƙasa, ya zagaye shi da alli, sannan ya ƙirga. Da ya zo ido na sittin ya ga ya dawo daidai inda ya fara, sai ya yi wata dariya wadda rabona da jin ta tun kafin rasuwar. Ya ce ashe abin da muke yi ke nan a tebur, da ya sani da bai riƙa zuwa duba taya ba.

Daga ranar abin ya zama masa kamar wasa. Zai fara rubuta abin da yake tsammani, sannan ya ƙirga ya ga ko Umma ta yarda. Kullum tana yarda. Da ya kai zagaye na goma ya ga ɗari da ashirin, ya daɗe yana kallon lambar, sai ya kira ni daga ɗaki. Ya gano da kansa cewa ba sai mutum ya hau daga ƙasa ba: zagaye na goma, sha biyu ne sau goma, na bakwai, sha biyu sau bakwai. Kowane zagaye yana ɗauke da amsarsa a cikin lambarsa. Ya faɗa mini haka yana kallona ko zan ce ya yi kuskure. Na ce daidai ne, ina kallon tsoho mai furfura yana murnar abin da 'yan firamare ke yi wa kuka, kuma wadda ya kamata ta ga wannan murnar ba ta nan.

Har zagaye na sha huɗu, inda koren ya ƙare, babu ido ɗaya da ya ɓace. Ɗari da sittin da takwas cif. Ya rubuta ɗari da tamanin don na sha biyar, wanda shi ne farkon rawaya, ya ƙirga, ya samu ɗari da saba'in da bakwai. Ya ce idonsa ne. Ya sake, ya samu haka. Ya ba ni, na ƙirga ina ƙunƙuni, ni ma haka na samu. Maimakon sha biyu, tara ta ƙara. A na gaba bakwai ta ƙara. A na ƙarshe, na sha bakwai, inda kwarashin yake soke, biyu kawai. Kuma idanun sun matse, wasu sai an sa farce ake ganin raminsu. Wannan ne ya sa bakin ya lanƙwaso.

Baba ya ajiye allin. Ya ce rawayan nan shi ya sayo mata, a hanyarsa ta dawowa daga karɓo maganin gwiwa, lokacin da ake gyaran rufin ɗakin girki. Na tuna lokacin. An daɗe ƙwarai bayan gyaran rufin kafin Umma ta fara cewa kanta na ciwo. Matar da ke gama zagaye guda kafin shayi ya huce, duk tsawon wannan lokacin zagaye uku ta iya yi, su ma ba su cika ba.

"Tun a nan take ciwo," ya ce. "Ina zaune kusa da ita ina jin rediyo."

Na zauna a ƙasa kusa da shi na yi kuka. Shi bai yi ba, ya dai riƙa shafa rawayan da bayan yatsa, har aka daina ganin rubutun allin sosai.

Washegari hankalina ya dawo, zafin raina ma ya dawo tare da shi. Cikin Auta ya tsufa, kullum ta kira sai ta tambayi shawul, ni kuma ina ce mata ana kai. Na ce wa Baba yanzu mun san dokar saƙar, mun san inda ta karye. Zagaye uku ne kawai. A warware su, a sake su da zaren nan dai nata, a ci gaba. Me ya rage? Ko so yake mu aika wa yarinyar da kwano ta sa jariri a ciki? Na ɗaga murya, har Maman 'Yan Biyu ta leƙo ta katanga, kuma ta goyi bayana.

Ya bari na gama tsaf, kamar yadda yake barin fasinja ya gama faɗa.

"Zaren na shago ne, Uwata. Hannun ne nata," ya ce. "Sha huɗun nan ta yi su da lafiyarta. Ukun nan da wahala ta yi su, ba ta gaya wa kowa ba. Su kike so in warware?"

Duk da haka ban sauko ba. Na ce to ya nuna mini yadda kwano zai koma shawul ba a taɓa shi ba. Ya ce bai sani ba tukuna.

Ya koma kan simintinsa. Ya lissafa abin da ya ɓace: uku a zagayen farko na rawaya, biyar a na biyu, goma a na uku. Goma sha takwas ke nan. Ya gwada ta wata hanyar don ya tabbata. Zagaye na sha bakwai ya kamata ya zama ɗari biyu da huɗu, ga shi ɗari da tamanin da shida, tsakaninsu sha takwas. Hanya biyu sun kai shi tasha ɗaya, sai ya yarda.

Dabarar da ta fara zo masa ita ce wadda za ta zo wa kowa. Tunda sha takwas suka ɓace, a mayar da su gaba ɗaya a zagaye na gaba, a haɗa da sha biyun da aka saba, ƙari talatin ke nan. Ya yi kwanaki yana fama, ya kewayo. Da ya shimfiɗa, bakin ya yi tattara ya yi ta lanƙwasa sama da ƙasa kamar bakin siket ɗin 'yan mata. Maman 'Yan Biyu ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce da kwano ne, yanzu ya zama kwano mai ado. Shi ma ya yi murmushi, ya kama zaren ya ja, zagayen ya warware fiii har inda hannun Umma ya tsaya, a nan ya danne da yatsa. Nasa aikin ba ya jin ciwon rushe shi ko kaɗan.

Ya yi kwanaki bai taɓa kwarashin ba. Yana zaune yana kallon lambobin, ni ina shiga ina fita ina buga ƙofa da ƙarfi don ya san raina a ɓace yake. Ran nan da safe ina ɗaura takalmi ya ce in ba shi kwalin ashana. Ya ce ya tuna wani abu. In cunkoso ya riƙe direba ya makara, yaran direbobi sukan danne totur su ce sai sun cike lokacin kafin tasha ta gaba, su firgita mutane, wani sa'in su jefa su rami. Shi kuwa yakan raba abin, ya ɗan ƙara kaɗan tsakanin kowace tsayawa da ta gaba, kafin a kai ƙarshen hanya ya cike, ba wanda ya ji a jikinsa.

Ya riga ya tambayi Maman 'Yan Biyu zagaye nawa suka rage kafin shawul ya isa rufe jariri, ta auna da hannu ta ce tara. Ya zana da'ira tara a ƙasa, ya ƙirgo tsinken ashana goma sha takwas, ya bi yana ajiye ɗaya-ɗaya har suka ƙare. Kowace da'ira ta sami biyu. Wato a kowane zagaye zai ƙara sha huɗu maimakon sha biyu. Ya fara rubutawa daga inda Umma ta tsaya: ɗari da tamanin da shida, ɗari biyu, ɗari biyu da sha huɗu, ɗari biyu da ashirin da takwas. Layin ya yi ta tafiya har ya kusa bakin ƙofa, ya tsaya a ɗari uku da sha biyu.

Sai ya ce in gwada masa ta ɗaya hanyar. Sha bakwai da tara, zagaye ashirin da shida ke nan. Da Umma na da lafiya, nawa za ta samu a na ashirin da shida? Na yi sha biyu sau ashirin da shida a kaina, na sake yi don ban yarda da kaina ba. Ɗari uku da sha biyu. Na faɗa masa. Ya jingina da bango ya lumshe ido, ya ce alhamdu lillahi, to zai kai ta inda take son zuwa. Ranar na makara a aiki, kuma ko da mai shagon ya yi magana ban mayar masa ba, abin da ya ba shi mamaki har ya tambaya ko lafiya.

Sauran aikin haƙuri ne, shi kuwa nan ne gidansa. Kafin ya fara kowane zagaye sai ya kafa fil goma sha huɗu a bakin shawul, tazara daidai, don ya san inda zai yi ido biyu a rami ɗaya. Saƙarsa ba ta kai ta Umma kyau ba, kuma ba zan ce ta kai ba don ya ji daɗi. Idanunsa sun fi nata girma, wasu sun saki, wasu sun karkace. Amma zagaye bayan zagaye bakin ya riƙa buɗewa yana kwantawa. Abin da bai tafi ba shi ne zoben nan na rawaya inda hannunta ya matse. Ya bar ɗan kwari marar zurfi a tsakiya, kuma Maman 'Yan Biyu ta ce ko an wanke an goge ba zai baje ba. Na ce wa Baba in Auta ta tambaya mu ce ado ne, mai jego ba ta bukatar ƙarin baƙin ciki. Ya ci gaba da saƙarsa.

Yana cikin zagayen ƙarshe mijin Auta ya kira da sassafe, ya ce naƙuda ta zo kafin lokaci, suna asibiti. Muka cusa kaya a jaka muka nufi tasha. A cikin mota Baba ya ƙarasa, zaune a kujerar fasinja, ulu na birgima a ƙarƙashin ƙafafun mutane, wata mata na tsinto masa tana kallonsa baki buɗe. Tafiyar ta yi mana tsawo. Har na ji shi da kunnena yana tambayar yaron mota ko direban nan ba shi da wata giyar ne.

Mun iso da rana tsaka, an riga an haihu. Mace ce, 'yar ƙarama, amma lafiyarta ƙalau, tana barci a ɗan gadon da ke gefe. Auta ta rame, idanunta sun faɗa. Ta ga Baba ta fashe da kuka, ya zauna a bakin gadon ya riƙe kanta yana cewa ya isa, ya isa, Autata. Da ta natsu, ya buɗe jakar ya ciro shawul ya shimfiɗa mata a cinya.

Ta sa tafin hannu a kan farin da ke tsakiya, ta shafo zuwa kore, ta shigo rawaya, sai hannunta ya tsaya. Ita ta ɗan iya saƙa, yatsunta sun ji abin da ido bai gama gani ba. Ta koma baya ta sake shafowa, ta tsaya a wurin dai. Ta wuce gaba zuwa manyan idanun nan masu saki, ta ɗago ta dubi hannun Baba, ta ga inda kwarashi ya yi masa kanta a yatsa.

"Baba, nan me ya faru?"

Na buɗe baki zan ce ado ne. Ya riga ni.

"Nan ne hannunta ya fara gajiya," ya ce. Ya ɗora yatsa a farkon rawayan, ya ja shi kaɗan zuwa inda matsewar ta ƙare. "Daga nan zuwa nan, da ciwo ta yi miki. Ban taɓa ko ido ɗaya ba. Daga nan zuwa baki nawa ne, ki yi haƙuri da shi."

Na zuba wa Auta ido. Ta ce duk wayar da suka yi a lokacin, Umma cewa take lafiyarta ƙalau, ita dai ta kwanta ta huta. Ta faɗi haka a hankali, hawaye na zuba, amma ba irin kukan da na ji tsoro ba ne. Ta ce in miƙo mata yarinyar.

Na ɗauko ta na miƙa. Auta ta kwantar da ita a tsakiyar shawul, ɗan kwarin ya karɓe ta daga kafaɗa zuwa ƙugu. Ta kamo ɗan hannun, wanda bai kai babban yatsan Baba ba, ta buɗe shi a hankali ta ɗora a kan zoben rawayan.

"Gai da kakarki," ta ce. "Nan ta iya kawowa."

Baba ya tashi da kyar ya je bakin taga ya ba mu baya, kafaɗunsa na rawa. Tun rasuwar, ranar ce ya fara kuka.